Ciwon Huhu Mai Daɗewa a Sakkwato: Su Wa Ya Fi Kashewa, Kuma Ta Ina Ake Tare Shi

Idan dattijuwa ta rasu a wani ƙauyen Tangaza ko Gada bayan shekaru tana fama da tari da haki, kafin la'asar an yi mata sutura an kai ta makwancinta. Masu zuwa gaisuwa za su ji cewa ta daɗe tana jinya, ko kuma sanyi ne ya kama mata ƙirji. Ba a rubuta komai a ko'ina. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin rajistar mutuwa, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikin mamatan ƙasar nan ke shiga littafinta, waɗanda suka shiga ɗin ma sau da yawa ba a bayyana ainihin ciwon da ya yi ajalinsu ba. Wannan ya sa ciwon huhu mai daɗewa ke cin mutane a jihar nan ba tare da an ji amonsa ba, alhali yana cikin manyan masu kisa a duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar toshewar hanyoyin iska na huhu, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD, ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. Kusan 5 cikin 100 ke nan na duk mace-macen duniya a shekarar, kuma ita ce ta huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa. Asma kuwa tana jikin mutum miliyan 262 a 2019, ta kashe 455,000. Adadin da ya fi shafar mu shi ne wannan: kusan 90 cikin 100 na waɗanda COPD ke kashewa kafin su cika shekara 70 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. Ciwon yana ko'ina a duniya, amma mutuwa da wuri saboda shi a wajen irinmu ta taru.

Akwai tarko wajen karanta irin waɗannan alƙaluma. In aka raba yawan mamata da yawan jama'a kai tsaye, Najeriya za ta fito kamar matsalarta ƙarama ce, domin kusan rabin 'yan ƙasar ba su wuce shekara 18 ba, ita kuwa COPD daga shekara 40 take fara nuna kanta. Shi ya sa masana ke daidaita lissafi da shekaru, a gwada ɗan sittin na nan da ɗan sittin na can. Duk wanda ya kawo adadi bai faɗi ko an yi wannan daidaitawar ba, kada a yi saurin gina hukunci a kansa.

A ƙasashen da ake rubuta kowace mutuwa, bambancin da ke tsakanin jama'a a fili yake. A Amurka, tun shekarar 2000 yawan matan da COPD ke kashewa a shekara ya zarce na maza. Mutanen karkara sun fi na birni mutuwa da ita, jihohin masu haƙar kwal da yawan shan taba irin su Kentaki da Bajiniya ta Yamma suna sahun gaba, sannan baƙar fata sun ninka farar fata fiye da sau biyu wajen mutuwa da asma. Ƙasa ɗaya ce, magani ɗaya ne a kasuwa. Abin da ya raba su shi ne irin iskar da mutum ke shaƙa, da abin da ke aljihunsa, da nisansa da likita. Waɗannan ukun ne ke raba mu a nan ma, sai dai fuskokin waɗanda abin ke faɗa wa sun bambanta.

Matar da ba ta taɓa shan taba ba

A ƙasashe masu arziki taba ce ke haddasa fiye da 70 cikin 100 na COPD. A ƙasashe irin namu rabonta 30 zuwa 40 ne kawai. Binciken shan taba da aka yi a faɗin Najeriya a 2012 ya samu maza kusan 7 cikin 100 na shan taba, mata kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Duk da haka wani bincike a Ile-Ife ya samu toshewar hanyar iska a jikin kusan 8 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama. Ke nan akwai wani hayaƙin da ba na sigari ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga madafar gidan ƙauye ya san shi.

Murhu ne na duwatsu uku a cikin ɗan ɗakin da ba shi da taga. Itacen bai gama bushewa ba, ko kuma kara ne da kashin shanu. An haɗa wutar da leda ko guntun tsohon silifa don ta kama da sauri. Matar tana durƙushe, fuskarta daf da bakin murhu tana hurawa, idonta na hawaye, goyo na bayanta. Haka safe, haka yamma, tun tana 'yar shekara goma tana taya uwarta har ta yi jikoki. A ɗaga kai a dubi rufin madafar: kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a jikin azara, irinta ce ke sauka a huhun mai girkin. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da ido ba ya gani su ne masu ɓarna, domin suna wuce hanci da maƙogwaro su isa can ƙarshen huhu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kada su wuce maikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi) a tsawon yini da dare. A ɗakin girkin da iska ba ta ratsawa suna iya ninka abin da aka yarda da shi sau 100. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar COPD, sauran ta ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, limoniya da kansar huhu.

Hayaƙin yana kumbura bangon ƙananan hanyoyin iska, ya sa su ƙuntata su cika da majina, sannan ya lalata ƙananan jakunkunan da ke musayar iska da jini. Iska takan shiga, fitarta ce ke wuya. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya rage saurin lalacewar sauran.

Abin da ke ƙara wa mata nauyi shi ne yadda ciwon ke ɓuya. Da ta fara haki sai 'ya ko suruka ta karɓi daka, jika ya karɓi ɗiban ruwa, ita ta koma zaman tabarma. Tunda ba ta motsi ba a ganin hakin, sai a ce tsufa ne. Ga neman izini, ga kuɗin mota, ga jiran wanda zai raka ta. Ranar da aka kai ta asibiti ƙafafunta sun kumbura, alamar cewa ɓangaren dama na zuciya ya gaji da tura jini cikin huhun da ya lalace. A wannan matakin magani lallaɓawa kawai yake yi. Shi ya sa tambayar "lafiya lau?" ba ta isa ba. Ɗa ko ma'aikacin lafiya ya tambaya dalla-dalla: "Inna, daga ɗaki zuwa ƙofar gida kina tsayawa ki huta? In kuna tafiya biki da tsaranki, suna barin ki a baya? Kina iya yin sujada ki ɗago ba tare da numfashi ya sarƙe ba? Kina fitar da kaki kowace safiya?" Amsar e ga ɗaya daga cikinsu ta isa dalilin zuwa asibiti.

A kula da abu ɗaya game da mai jego. Kwana arba'in na dafa ruwan wanka da itace hayaƙi ne mai yawa ga uwa da jariri. Amma in mai jego ta fara haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, ƙafa ta kumbura, a fara zargin zuciya tukuna. Gazawar zuciya bayan haihuwa sananniyar matsala ce a Sakkwato da sauran ƙasar Hausa, kuma maganinta daban ne da na huhu.

Sauran waɗanda abin ke faɗa wa

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka warke daga tarin fuka. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa da shi, kusan rabin miliyan a shekara. Magani kyauta ne, wata shida: wata biyu na farko da magunguna huɗu, wata huɗu da biyu. Ƙwayar cutar takan mutu, amma tabon da ta bari yana nan, musamman ga wanda ya yi watanni yana tari kafin a gano. Hanyoyin iska sukan buɗe su zama aljihun da majina ke taruwa, wani lokaci naman gwari ya zauna a ramin da ciwon ya bari, mutum ya riƙa tofar da jini. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a dubi hoton ƙirji a ga tabo, a sake ɗora mutum kan maganin wata shida ba tare da gwajin kaki ba. Hoto ba ya bambanta tsohon tabo da sabon ciwo kai tsaye. A yi gwajin kaki da na'urar GeneXpert, likita ya haɗa sakamakon da yanayin mara lafiya, tunda gwajin kan iya tsinto burbushin matacciyar ƙwaya ga wanda bai daɗe da gama magani ba. In ba tarin fuka ba ne, mutumin na buƙatar kulawar mai ciwon huhu mai daɗewa.

Sai masu sana'ar ƙura da hayaƙi: masu injin niƙa, masu sussuka da shiƙa, maƙera, masu gasa burodi, masu suya, mata masu tuyar masa da ƙosai a bakin titi, masu ƙona gawayi, 'yan kabu-kabu da ke yini a bayan salansar manyan motoci. Mafi haɗari su ne masu fasa dutse da matasan da ke tafiya haƙar zinariya a Zamfara da maƙwabta. Ƙurar dutse tana sa huhu ya ƙandare, ba ta da magani, tana ci gaba da ɓarna ko bayan an bar aikin, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Naɗa rawani ko ƙyalle a hanci yana tare ƙurar da ake gani ne kawai. Abin da ke aiki shi ne jiƙa dutsen da ruwa lokacin fasawa da niƙawa, da takunkumi mai lambar N95 wanda ya kama fuska sosai. Gemu mai kauri yana hana shi kamawa, don haka ga mafi yawan mazanmu jiƙa aikin da tsayawa ta inda iska ke fitowa sun fi muhimmanci.

Wani ɓangaren na bambancin tun daga ƙuruciya ake shuka shi. Huhu yana girma har wajen shekara 20 zuwa 25. Yaron da aka haifa da ƙarancin nauyi, ya sha tamowa, ya yi ƙyanda ko tarin shiƙa ko limoniya sau biyu sau uku, ba ya kai cikakken girman huhu, sai ya shiga tsufa da ɗan guzuri. Allurar riga-kafi ta sati 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9 da 15, suna kare huhun da mutum zai yi numfashi da shi yana ɗan sittin. Sakkwato kuwa ta daɗe cikin jihohin da yara suka fi ƙarancin kammala riga-kafi.

A kan duk wannan sai talauci da nisa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci ta fuskoki da yawa ya sa Sakkwato a kan gaba, kimanin mutum 9 cikin 10. Ma'aikaci a cikin gari yana iya ganin likitan ƙirji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Manomi a Isa ko Sabon Birni sai ya lissafa kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana, da halin da hanya ke ciki na rashin tsaro. Tsadar gas da kananzir ta 'yan shekarun nan kuma ta mayar da gidaje da yawa kan itace da gawayi, har a cikin birni.

Ganewa

Tari ya wuce sati biyu, gwajin kaki na tarin fuka ne farko, ko da mutum ya tabbata "asmarsa ce". Bayan nan hoton ƙirji, da awon hawan jini da duba zuciya, da awon yawan jini, tunda ƙarancin jini ma yana sa haki.

Gwajin da ke tabbatar da COPD shi ne na hura iska a na'urar sipirometa. Mutum zai zauna a miƙe, a matse masa hanci, ya cika ƙirji iya cikawa, ya kama bakin bututun da leɓɓansa, ya hura da dukkan ƙarfinsa lokaci guda, ya ci gaba har iskar ta ƙare. Ana maimaitawa aƙalla sau uku masu kyau. Sai a ba shi shaƙa huɗu na salbutamol, maganin buɗe hanyar iska, maikrogiram 400 ke nan, a jira minti 15 a sake. In iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai 70 cikin 100 na duk wadda ya fitar ba, toshewar ta tabbata. In ta buɗe sosai bayan magani, an fi karkata ga asma. Gwajin yana lalacewa in mutum ya fara hurawa a hankali, ko iska ta zurare ta gefen baki (tsofaffi marasa haƙori sun fi fama da wannan), ko ya tsaya da wuri. Mai yin gwajin sai ya nuna da kansa, ya kuma ɗaga murya yana ƙarfafa shi: "Baba, hura! Ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya!"

Bambancewar tana da amfani domin maganin ba ɗaya ba ne. Asma takan fara tun ƙuruciya, ta zo ta tafi, ta fi tashi da dare ko da asuba, kuma ginshiƙin maganinta inhela (maganin da ake fesawa a baki a shaƙa) mai sitiroid ce, wato mai kwantar da kumburi. COPD takan fara bayan 40, ba ta tafiya, ginshiƙin maganinta mai buɗe hanya na dogon lokaci ne, irin su tiotropium sau ɗaya a rana.

Inhela, da yadda ake ɓarnatar da ita

Har yanzu akwai masu cewa inhela ta wanda ya kusa mutuwa ce, ko wanda ya fara ba ya iya dainawa. Wannan maganar ta jawo asarar rayuka. Shaƙa ɗaya ta salbutamol maikrogiram 100 ce, ƙwaya ɗaya ta haɗiya kuwa miligiram 2 ko 4, wato ninki 20 zuwa 40, shi ya sa ƙwayar ke sa rawar hannu da bugun zuciya kuma take jinkirin aiki. Inhela ce mai sauƙi ga jiki.

Ana girgiza ta, a fitar da numfashi a gefe, a kama bakinta da leɓɓa, a fara jan iska a hankali, a danna sau ɗaya daidai lokacin, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika, a riƙe kamar daƙiƙa 10. In za a ƙara, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake girgizawa. Mutane da yawa suna dannawa kafin su fara ja ko bayan sun gama, ko su danna biyu a jere, ko su ja da ƙarfi. Maganin sai ya tsaya a harshe da maƙogwaro, mutum ya ce ba ta aiki ko jabu ce.

Gyaran wannan mai arha ne. A samo robar ruwa ko ta lemo mai mililita 500, a huda gindinta daidai da siffar bakin inhela, a cusa ya kama tsam, a liƙe gefen. A wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da ƙyalle, domin gogewa na sa magani ya manne a jikin robar. Mara lafiya ya sa bakin robar a bakinsa, a danna sau ɗaya, ya yi numfashi huɗu zuwa shida a ciki, sannan a sake dannawa. An gwada wannan dabarar a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu, ta yi aiki daidai da ta kamfani. Ƙaramin yaron da bai iya kama baki ba yana buƙatar mai marufin fuska.

Gwangwanin salbutamol shaƙa 200 ne. Bayan maganin ya ƙare yakan ci gaba da fesa iska, kuma girgizawa ba ta nuna gaskiya, don haka a rubuta ranar da aka buɗe a jikinsa a riƙa ƙiyastawa. Kada a bar shi cikin mota ko a rana a zafin Afrilu. Mai asma da ke shan gwangwani uku ko fiye a shekara, ciwonsa bai kwanta ba, mai shan ɗaya kowane wata kuwa yana cikin haɗarin mutuwa. Salbutamol buɗe hanya kawai take yi na 'yan sa'o'i, ba ta taɓa kumburin da ke ƙasa. Tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya ta daina yarda a bar babba kan salbutamol kaɗai. Ana buƙatar mai sitiroid, irin su beclometasone ko haɗin budesonide da formoterol, a kuskure baki a tofar bayan kowace shaƙa don gudun farin gwari a baki da dashewar murya. Wadda ake shaƙa sau biyu a rana ta dace da azumi: da sahur da bayan buɗa baki. Ga mai COPD kuwa ba kowa ake ba mai sitiroid ba, domin tana ƙara haɗarin limoniya, likita ne zai auna. Kafson tiotropium kuma ba na haɗiya ba ne, ana sa shi a na'urarsa a huda a shaƙa. Wanda ya haɗiye ya yi asarar kuɗinsa.

Babbar ɓarna tana kantin kemis. Ana haɗa wa mai haki dexamethasone ko prednisolone ya yi ta sha wata da watanni saboda yana jin sauƙi nan take. Ƙarshensa kumburin fuska, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi, da tashin tarin fuka da ke kwance. Wanda ya daɗe a kai kada ya yanke lokaci guda, jiki na iya faɗuwa, sai likita ya rage masa sannu a hankali. Wurin prednisolone shi ne lokacin da ciwo ya tashi: miligiram 40 a rana, kwana biyar ga babba, a tsaya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sai kaki ya ƙaru ya canza launi zuwa ɗorawa ko kore. Allurar aminophylline a gida ko a shago haɗari ce, tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke rikita bugun zuciya kaɗan ce. Maganin tari mai sa barci ma bai dace da mai wannan ciwon ba.

In mutum ba ya iya gama jimla sai ya tsaya, numfashinsa ya kai 30 a minti, ya fara ruɗewa ko gyangyaɗi, harshe ya yi duhu, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana ta fama, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi salbutamol shaƙa 4 zuwa 10 ta cikin roba, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita kowane minti 20, ana yi ana kan hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye.

A asibiti, ga mai COPD ana neman oksijin ɗin jini ya tsaya tsakanin 88 da 92 cikin 100. Buɗe iskar har ƙarshe na iya tara gurɓatacciyar iska a jininsa ya suma, don haka ɗan jinya kada ya taɓa makunnin. Na'urar auna oksijin ta ɗan yatsa ma a bi ta da hankali: bincike a Amurka a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle duk suna rikita ta. In na'ura ta ce lafiya amma mutum na fama, a yarda da abin da ido ya gani. Wanda aka rubuta wa oksijin na gida sai ya samu aƙalla sa'a 15 a rana kafin ya ƙara masa kwana, abin da ke nufin sai da tsayayyar wuta ko sola, kuma nesa da murhu da sigari.

Rage hayaƙin

Gas shi ne ya fi rage hayaƙi ga mai hali. Murhu mai tattalin itace yana rage kashe kuɗi da sare daji, amma kada a ɗauka ya gama magana: wani babban gwaji a ƙauyukan Malawi bai samu raguwar limoniyar yara ba bayan raba irin waɗannan murahu, kuma cikin dalilan da aka kawo har da lalacewar murhun da sauran hayaƙin da ke kewaye da gida. Ga wanda itace ne dole, a yi girki a fili ko a rumfar da iska ke ratsawa. In ɗaki ne, a buɗe taga biyu masu fuskantar juna, ɗaya can sama kusa da rufi inda hayaƙi ke taruwa. A faskare itace a shanya shi ya bushe. A daina haɗa wuta da leda da roba. A yi amfani da mafici maimakon baki, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare don a rage zaman bakin wuta, a sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki su ma hayaƙi ne, gidan sauro ya fi wa mai ciwon ƙirji. Mai shan taba ko shisha ya daina gaba ɗaya, ragewa ba ta wadatar ba, kuma ko bayan ciwo ya kama dainawa na rage saurin lalacewar huhu fiye da kowane magani.

Zama wuri ɗaya yana ƙara hakin, domin tsokar ƙafa na raunana ta riƙa neman iska fiye da da. Mara lafiya ya riƙa tafiya kullum, ya fara da minti biyar ya kai 20 ko 30, yana jan iska ta hanci a ƙirga biyu, yana fitarwa ta tsukakken baki a ƙirga huɗu. Wanda ya rame ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, da wake, ƙwai, nono ko gyaɗa, domin cikar ciki na danne huhu.

Lokacin da ciwon ya fi tashi a nan shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mura ta yawaita, mutane kuma su rufe ƙofa da taga su shigar da kaskon garwashi ɗaki. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe masu barci, haka ma janareta a zaure ko a gindin taga. Mai ciwon huhu ya je a duba shi tun Oktoba, ya nuna wa ma'aikacin lafiya yadda yake shaƙa a gyara masa, ya tanadi inhela ta biyu da ba a buɗe ba. Ranar da hazo ya rufe gari ya rage fita, ya sa takunkumi in fitar ta zama dole, a yayyafa ruwa kafin shara, shi kuma ya bar wurin har ƙurar ta kwanta.